Janani Luwum: Shugaban cocin da ya ƙi gudu, ya kuma ƙi yin shiru a gaban Idi Amin

Ranar 17 ga Fabrairun 1977 gidan rediyon gwamnatin Yuganda ya sanar da cewa Akbishop Janani Luwum da wasu ministoci biyu sun mutu a hatsarin mota. Sanarwar ta ce sun yi ƙoƙarin fin ƙarfin direban da ke kai su wurin bincike ne, sai motar ta ƙwace. Mutane ƙalilan ne suka gaskata wannan labari, domin kwana ɗaya kafin nan an ga yadda aka tsayar da Luwum a gaban dubban sojoji a Kampala ana zarginsa da cin amanar ƙasa.

An haifi Luwum wajajen 1922 a ƙauyen Mucwini da ke yankin Kitgum a arewacin Yuganda, cikin ƙabilar Acholi. Da kiwo ya tashi, sai da ya kai kimanin shekara goma kafin ya shiga makaranta. Daga baya ya yi kwalejin horar da malamai ta Boroboro, ya kama koyarwa a firamare.

A watan Janairun 1948 ya saurari wa'azin wasu masu farfaɗo da addini da ake kira Balokole, rayuwarsa kuma ta sauya. Ya shiga wa'azi da zafi, musamman a kan shan giya, abin da ya haɗa shi rigima da manyan yankinsu har aka tsare shi na ɗan lokaci. Dattawan coci suka ga gara a tura wannan saurayi karatu, sai ya tafi kwalejin addini ta Buwalasi. Ya zama limamin cocin Angilika a 1956, ya ƙaro ilimi a Ingila, ya dawo ya shugabanci kwalejin da ta yaye shi.

Ranar 25 ga Janairun 1969 aka naɗa shi Bishop na Arewacin Yuganda a garin Gulu. Cikin manyan baƙin bikin akwai Shugaba Milton Obote da hafsan sojinsa Idi Amin. Shekara biyu cif bayan nan, a daidai wannan rana ta 25 ga Janairu, Amin ya hamɓarar da Obote.

Mutanen Luwum ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Amin na kallon 'yan Acholi da Langi a matsayin magoya bayan Obote, don haka aka yi ta kashe sojojin waɗannan ƙabilu a barikoki. Daga nan abin ya bazu ko'ina. A 1972 aka kori 'yan asalin Asiya daga ƙasar, aka kuma ɗauke Alƙalin Alƙalai Benedicto Kiwanuka daga kotu, ba a sake ganinsa ba. Takobin bai bambance addini ba: Kiwanuka ɗan Katolika ne, tsohon minista Shaban Nkutu da aka kashe a 1973 kuma Musulmi ne.

Cikin wannan hali aka zaɓi Luwum a 1974 ya zama Akbishop na Yuganda da Ruwanda da Burundi da Boga-Zayar. Gidansa da ke tudun Namirembe ya koma matattarar matan da aka ɗauke wa mazaje da iyayen da 'ya'yansu suka ɓace. Shi da kansa yakan je ofishin hukumar leƙen asirin Amin, wurin da kowa ke tsoron ko wucewa ta gabansa, ya tambayi inda aka kai wane da wane. Wani lokaci a sako masa mutum, wani lokaci ya dawo hannu rabbana.

Wannan hanya ta jawo masa suka daga cikin gida. Wasu Kiristoci sun ga yana yawan halartar tarukan gwamnati, yana zama da Amin, kamar yana wanke azzalumi. Sukar tana da ƙanshin gaskiya, domin Amin ya iya amfani da hotunan irin wannan zama. Hujjar Luwum ita ce idan ya rufe wannan ƙofa, babu sauran wanda zai shiga ya roƙa wa waɗanda ke tsare.

Abin da ya dogara da shi tsohuwar koyarwa ce a Kiristanci. A huɗubar Yesu Almasihu ta kan dutse, a sura ta 5 ta Linjilar Matiyu, an lissafa waɗanda ake tsananta wa saboda adalci cikin masu albarka, an kuma umarci mabiya su yi wa masu cutar da su addu'a. Wasiƙar Bitrus ta fari ta ƙara fayyace zancen: wanda ya yi laifi aka hukunta shi ya jure, babu abin yabo a nan, jurewar da ake yabo ita ce ta wanda ya yi daidai, aka wahalshe shi a kai, bai rama ba. Wato aikata daidai ne ke zuwa da farko, haƙuri ya biyo baya. Mu da muka saba jin ana ce wa wanda aka zalunta ya yi haƙuri, sau da yawa da nufin ya kama bakinsa, ya kamata mu lura da wannan jeri. Luwum ya fahimci koyarwar da cewa ta hana shi ɗaukar makami da riƙon gaba, amma ba ta ba shi izinin yin shiru ba.

A watan Agustan 1976, bayan sojoji sun afka wa ɗaliban Jami'ar Makerere, ya jagoranci wani taro a Lweza da ya haɗa shugabannin Angilika da Katolika da na Musulmi, inda suka tattauna taɓarɓarewar doka a ƙasar. Ganin malaman addinan sun haɗa kai ya tayar wa Amin hankali.

Cikin daren 5 ga Fabrairun 1977 sojoji suka kutsa gidan Luwum, suka ɗora masa bindiga, suka birkice ɗakuna suna neman makamai. Ba su sami komai ba. Bayan 'yan kwanaki shi da sauran bishop-bishop suka sa hannu a wata wasiƙa zuwa ga Amin, suka koka kan kashe-kashe da ɓacewar mutane, da yadda bindigar da aka saya don kare 'yan ƙasa ta juyo kansu. Wasiƙar cike take da ladabi, amma ba ta ɓoye komai ba, kuma kwafinta ya fita ƙasar waje.

Matarsa Mary da abokansa sun roƙe shi ya tsallaka iyaka. Yana da damar yin haka, domin wasu bishop-bishop sun tsere daga baya sun tsira. Ya ƙi, bisa dalilin cewa bai aikata laifi ba, kuma makiyayi ba ya barin garke a lokacin da kura ta shigo.

Ranar 16 ga Fabrairu aka kira shugabannin addini da jakadu zuwa harabar otel ɗin Nile a Kampala. Aka baje makamai a ƙasa, aka karanta wata takarda da aka ce Obote ne ya rubuto daga Tanzaniya, wadda ta sa sunan Luwum cikin masu shirin juyin mulki. Da aka tambayi sojoji me za a yi da maciya amana, suka amsa da ihun a kashe su. Waɗanda suka tsaya kusa da shi sun ba da labarin cewa girgiza kai kawai ya yi. Da yamma aka sallami sauran bishop-bishop ɗaya bayan ɗaya, aka riƙe shi. Tare da shi aka tafi da Ministan Cikin Gida Charles Oboth Ofumbi da Erinayo Oryema, tsohon sufeto janar na 'yan sanda.

Henry Kyemba, ministan lafiya na lokacin, ya gudu daga ƙasar a shekarar, ya kuma bayyana a littafinsa cewa gawarwakin ukun na ɗauke da raunukan harsashi. Gwamnati ta hana iyali gawar Luwum. Sojoji ne suka kai akwatin Mucwini, kuma mutanen ƙauyen da suka buɗe shi sun ga ramukan harsashi a jikinsa. A Kampala kuwa, dubban mutane sun taru a cocin Namirembe ranar Lahadin da ta biyo baya, suka yi addu'a a bakin kabarin da aka haƙa masa, babu gawa a ciki.

Kisan ya zubar da sauran mutuncin Amin a idon duniya, har da ƙasashen Afirka da suka daɗe suna kawar da kai. Mulkinsa ya faɗi a watan Afrilun 1979, ya mutu a Jidda a 2003.

A 1998 aka kafa mutum-mutumin Luwum a ƙofar yamma ta cocin Westminster Abbey da ke Landan, cikin Kiristoci goma na ƙarni na 20 da aka kashe saboda imaninsu, a jeri ɗaya da Martin Luther King da Oscar Romero. A 2015 gwamnatin Yuganda ta ayyana 16 ga Fabrairu a matsayin ranar hutu don tunawa da shi, kuma duk shekara jama'a kan yi tattaki zuwa kabarinsa a Wii Gweng da ke Mucwini. Mary ta rayu shekara 42 bayan mijinta. Da ta rasu a 2019, a can aka binne ta kusa da shi.