Labarin Shehu Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, Mai Risala

Babu zauren karatun ilmi a ƙasar Hausa inda ba a san Risala ba. Almajiri ya kan sauke Ahalari, ya bi da Ishmawi da Iziyya, sa'an nan ya ɗauke ta, galibi ya riga ya yi gemu, wani ma har ya aurar da 'ya. Saboda haka da yawa suka ɗauka littafin manya ne. Alhali kuwa mai ita don yara ya tsara ta, yaran makarantar allo waɗanda ba su balaga ba, kuma wanda ya roƙe shi ya rubuta ta malamin allo ne.

Sunansa Abdullahi, alkunyarsa Abu Muhammad. Ubansa Abdurrahman, shi ne a ke yi wa alkunya da Abu Zaid. An haife shi a birnin Ƙairawan a shekara ta 310 bayan Hijira, watau 922 ta lissafin Turawa. Birnin yana cikin ƙasar da a ke kira Tunisiya yanzu. Uƙba ɗan Nafi'u ne ya kafa shi a shekara ta 50, ya zama mahaɗar ayarori da matattarar malamai. A nan Imamu Sahnun ya tsara Mudawwana, ya rasu a 240, ya bar almajirai da almajiran almajirai, har garin ya zama cibiyar mazhabar Imamu Malik a Yamma.

Amma yaron bai tashi ya tarar da garin a zaune lafiya ba. Tun a shekara ta 297 Ubaidiyyawa, waɗanda su ke kiran kansu Faɗimiyyawa, suka ci ƙasar. Su kuwa tafarkin Shi'a Isma'iliyya su ke bi. Suka naɗa alƙalansu, suka yi ƙari cikin kiran salla, suka hana sallar asham cikin jam'i, suka hana a yi fatawa da mazhabar Malik. An kashe waɗansu malamai, an ɗaure waɗansu. Babban malamin Ibn Abi Zaid, watau Abubakar ɗan Labbad, an ɗaure shi, da aka sake shi kuma aka hana shi zaman karantarwa a fili, sai almajirai su riƙa zuwa gidansa a ɓoye. Haka wannan saurayi ya yi karatunsa, wajen Ibn Labbad da Abul Fadli Almumsi da Abul Arab Attamimi da waɗansunsu.

A shekara ta 332 wani Bahawarije, Abu Yazid, wanda a ke yi wa laƙabi da Mai Jaki, ya tayar wa Ubaidiyyawa. Malaman Ƙairawan da yawa suka bi shi, ba don sun yarda da aƙidarsa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Aka gwabza kusa da birnin Mahdiyya, malamai da yawa suka kwanta dama, cikinsu har da Almumsi. Ibn Labbad da Abul Arab su ma suka rasu a shekara ta 333. Ibn Abi Zaid yana ɗan shekara 23 ya wayi gari manyan malamansa sun tafi kusan a lokaci guda. Ya yi musu waƙen ta'aziyya, ya zauna inda suka tashi.

Wanda ya riƙe wannan labari a zuciya, in ya buɗe Risala zai ga abin da bai gani ba a da. Sarki yana iya ƙwace mumbari, yana iya tuɓe alƙali, yana iya watsa majalisin babban malami. Amma makarantun yara suna kowane lungu, ba wanda zai iya sa musu dogari ɗaya ɗaya. Abin da ya shiga ƙirjin yaro kuwa ya tsira daga hannun sarki.

An ruwaito cewa ya rubuta Risala a shekara ta 327, yana ɗan shekara 17. Masu sharhi kuma suka ce wanda ya nemi a rubuta ta shi ne Shehu Muhriz ɗan Halaf, mutumin birnin Tunis, wanda sana'arsa karantar da yara Alƙur'ani, har a ke yi masa laƙabi da Mu'addib, watau mai ladabtar da yara. Mai lura zai ga akwai mishkila a nan, domin shi Muhriz an haife shi ne bayan shekara ta 327. Masu bincike sun warware ta da cewa littafin sau biyu aka rubuta shi: na fari a ƙuruciya, bisa roƙon Shehu Abu Ishaƙ Assaba'i, na biyu kuwa bayan ya manyanta ya sake gyara shi ya aika wa Muhriz, shi ne wanda ke hannun mutane. Wannan ya fi kwanta wa hankali, gama littafin da ya kai haka sauƙi ba ya fita a zama ɗaya. Rubuta wa malami ɗan'uwanka ya fi rubuta wa yaro sauƙi, domin malami zai cike maka abin da ka tsallake, yaro kuwa inda ka tsallake nan zai tsaya.

A farkon littafin ya bayyana abin da aka roƙe shi, watau taƙaitaccen bayani na wajibai na addini, da sunnoni, da ladubba, bisa mazhabar Malik, don a riƙa koya wa yara kamar yadda a ke koya musu haruffan Alƙur'ani. Hujjarsa ita ce zuciyar yaro fili ce da ba a riga an shuka kome a cikinta ba, wanda ya riga shuka shi zai girba. Bai ga ya kamata a jira balaga ba, ya fi son balaga ta zo ta tarar da yaron ya riga ya saba.

To, ga yadda ya yi aikin. Bai yi shi waƙe ba, ko da ya ke shi mawaƙi ne. Zube ya yi shi, da gajerun jimloli, da kalmomin da Balaraben zamaninsa ke ji ba tare da ƙamus ba. Bai jero isnadi ba, kuma ya rage ambaton saɓanin malamai, sai inda ba makawa. Ya fara da babin aƙida, gajere ƙwarai, a cikinsa ya jera halifofi huɗu bisa darajarsu, ya umurci a kame baki daga abin da ya auku tsakanin Sahabbai. A ƙarƙashin sarautar Ubaidiyyawa koya wa yara wannan ba ƙaramar kasada ba ce.

Da ya zo alwala sai ya bi hanyar da ta bambanta da ta Ahalari da Ishmawi, waɗanda aka rubuta daga baya da nisa. Su suna fara lissafa farillai, sa'an nan sunnoni, sa'an nan mustahabbai. Shi kuwa sai ya siffanta aikin kansa daga fari har ƙarshe, kamar malami ya tsuguna da buta gaban yaro: ga yadda za ka ɗebi ruwa, ga inda fuska ta fara, ga inda ta ƙare. Har ya ambaci dunduniya da agara, da wuraren da ruwa ba ya shiga da sauri saboda kaushi ko faso. Wanda ya rubuta wannan ya dubi ƙafafun yara da idonsa. Salla ma haka ya yi mata, ya ɗauko ta daga Asuba ya siffanta ta raka'a raka'a. Sai can kusa da ƙarshen littafi ya kawo babi guda inda ya tattara, ya ce wannan farilla ne, wannan sunna ce. Yaro ya fara iya aikin, daga baya ya san sunan kowane yankinsa. Duk malamin da ya taɓa ganin almajirin da ya haddace farillan alwala tsaf amma ya bar lam'a a gwiwar hannu, ya san hikimar wannan tsari.

Bai tsaya ga ibada ba. Babobinta 45 ne, an kuma ce mas'alolin da ke cikinta sun kai 4,000. Akwai aure da saki, da ciniki, da jingina da ajiya da tsintuwa, da hukuncin jini, da shaida, da rabon gado. Fatake da 'yan kasuwa sun san amfaninta. A nan yaro zai fara jin cewa nisabin zinariya dinari 20 ne, na azurfa dirhami 200, abin da a ke fitarwa kuwa rubu'in ushuri. A nan zai ji bambancin ɗan kasuwan da ke ajiye haja yana jiran ta yi tsada, wanda ba ya fid da zakka sai ya sayar, da mai jujjuya haja kullum, wanda zai ƙimanta kayansa kowace shekara. Wani zai ce ina ruwan ɗan shekara goma da wannan? Ɗan shekara goma shi ne mai jiran rumfar ubansa gobe, kuma riba ba ta yi wa wanda zai ci ta sallama. Sa'an nan ya rufe da ladubban ci da sha, da sallama, da neman izinin shiga gida, da atishawa da hamma, da mafarki, har da sukuwar dawaki da harbin kibiya.

Littafin bai daɗe ba ya bar Ƙairawan, tun marubucinsa yana da rai. A zamanin nan yaɗa littafi aikin magwafa ne da alhazai da fatake, kowane kwafi da hannu a ke rubuta shi. An ruwaito cewa kwafin da ya fara isa Bagadaza an saye shi dinari 20 na zinariya a majalisin Shehu Abubakar Al'abhari, shugaban Malikawan Iraƙi. Ɗan littafin yara ke nan ya ci kuɗin da ya kai nisabin zakka. Daga baya Alƙali Abdulwahhab na Bagadaza, wanda ya rasu a 422, ya yi mata sharhi.

Shi kuwa Ibn Abi Zaid ya ci gaba da karantarwa da fatawa, ya yi aikin Hajji, sunansa ya kai Andalus da Masar, har a ke ce masa Malik Ƙarami. Ya taƙaita Mudawwana. Ya tara babban littafinsa Annawadir Wazziyadat, inda ya haɗa maganganun malaman mazhaba waɗanda ba su cikin Mudawwana. Allah ya ba shi wadata, shi kuma ya sake hannu, yana ciyar da almajirai da baƙi. A shekara ta 362 Ubaidiyyawa suka ƙaura zuwa Masar, suka bar ƙasar a hannun wakilansu, aka ɗan sami sararawa.

Ibnul Hajj ya kawo wani labari nasa cikin Madhal, wanda ya kamata malaman allo da iyayen yara su ji shi tare. Sa'ad da ɗansa ya shiga makaranta ya iya Fatiha, sai Shehun ya aika wa malamin da dinari 100. Malamin ya zo yana mamaki, yana tambayar abin da ya yi har ya cancanci wannan. Sai Shehun ya cire ɗansa daga hannunsa, domin a ganinsa malamin ya girmama abin duniya, ya ƙanƙanta Alƙur'ani. Iyaye su kan so ƙarshen labarin, malamai su kan so farkonsa.

Ya rasu a Ƙairawan a shekara ta 386, watau 996, yana da shekara 76, aka rufe shi a gidansa. Allah ya jiƙansa da rahama. Muhriz ya rayu bayansa har 413, kabarinsa yana Tunis, inda a ke kiransa Sidi Mahraz. A shekara ta 449 Larabawan Banu Hilal suka shiga Ƙairawan suka lalata ta, malamanta suka watse.

Risala kuwa ta riga ta yi nisa. Ta ratsa hamada cikin gafakar malamai da kayan fatake, aka yi ta kwafarta da alƙalamin kara a kan takarda mai wata uku da ayarori ke kawowa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya lissafa ta cikin littattafan fiƙihu da ya karanta wajen wansa Shehu Usmanu, tare da Ahalari da Ishmawi. Sharhohinta sun yi yawa: na Zarruƙ, da Kifayatuɗ Ɗalib na Abul Hasan, da Fawakihud Dawani na Nafrawi, da Samarud Dani wanda ɗab'in Masar ya cika kasuwanni da shi. Wani malamin Shingiɗi ya mai da ita waƙe. An juya ta Faransanci a 1914.

Dalilin da ya sa ta koma littafin masu gemu a ƙasar Hausa a fili ya ke. Yaron Ƙairawan da Larabci ya tashi, yaron Kano ko Katsina kuwa sai an fassara masa kalma kalma, ga kuma al'adar a jira saukar Alƙur'ani kafin a shiga ilmi. Shehun kansa ya faɗa a ƙarshenta cewa manya mabukata za su amfana da ita, saboda haka babu aibu ga dattijon da ya ɗauke ta. Abin dubawa shi ne yaron da ya balaga a makaranta da izu 40 a ka, bai san abin da ke wajabta wanka ba. Shi ne wanda Muhriz ya yi roƙo dominsa.

Annawadir, wanda Shehun ya zuba ilminsa duka a ciki, ya zauna a rubutun hannu cikin taskokin littattafai har shekara ta 1999, sa'ad da aka buga shi a Bairut cikin mujalladi 15.