Ethel Bedford Fenwick (1857-1947): Shekara Talatin da Biyu na Neman Dokar Rajistar Ma'aikatan Jinya

A Ingila ta ƙarshen ƙarni na 19, duk matar da ta ga dama tana iya ɗaura farin kallabi ta kira kanta ma'aikaciyar jinya, ta shiga gidan majinyaci a biya ta lada. Likitoci sun sami dokar rajistarsu tun 1858, amma masu jinya ba su da wata hukuma da ke tantance wadda ta ƙware da wadda ta yi shigar burtu. Abin da ake dogaro da shi kawai shi ne takardar shaida daga shugabar jinya ta asibitin da mace ta yi aiki. Rayuwar Ethel Bedford Fenwick kusan dukkanta ta tafi ne wajen sauya wannan hali.

An haife ta a ranar 26 ga Janairu 1857 kusa da garin Elgin a Sikotilan, sunanta na yanka Ethel Gordon Manson. Mahaifinta likita ne, ya rasu tana jaririya. Mahaifiyarta ta sake aure da George Storer, wanda ya zama ɗan majalisar dokoki, don haka Ethel ta tashi a gidan wadata a yankin Nottingham. A 1878 ta fara koyon jinya a asibitin yara na Nottingham a matsayin ɗalibar da ke biyan kuɗin horonta, ta ƙarasa a Manchester, sannan ta riƙe ɗakin majinyata a Asibitin Landan da ke unguwar Whitechapel. A 1881, tana da shekara 24 kacal, aka naɗa ta shugabar jinya ta Asibitin St Bartholomew, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin birnin.

Shekara shida ta yi a wannan muƙami. Ta tsawaita horon ɗalibai zuwa shekara uku, ta gyara abincinsu da lokutan hutunsu. A nan ne kuma ta ga iyakar ikon shugaba: duk tsarin da ta kafa ba ya wuce ƙofar asibitinta. Matar da aka sallama saboda sakaci ko rashin amana tana iya tsallakawa wata unguwa ta ci gaba da aiki, babu mai hana ta. A 1887 ta auri Dakta Bedford Fenwick, kuma bisa al'adar lokacin aure ya raba ta da kujerar. Abin da ya zama asara ga asibitin ya ba ta 'yancin da shugaba mai cin albashin hukumar asibiti ba ta da shi, wato ta faɗi abin da ke ranta a bainar jama'a.

A wannan shekarar ta jagoranci kafa Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya ta Birtaniya, Gimbiya Christian, 'yar Sarauniya Biktoriya, ta karɓi shugabancinta. Buƙatunta ba su da yawa: horo na shekara uku bisa manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya ga kowa, da rajista ta ƙasa wadda masu jinya da kansu za su riƙe, da ikon cire sunan duk wadda ta saɓa wa ƙa'idar aiki.

Babbar mai adawa da wannan shiri ita ce Florence Nightingale, kuma ba daidai ba ne a ɗauki adawarta a matsayin taurin kan tsufa. A ganinta jinya kira ce da ke tsaye a kan hali, kuma jarrabawa ba ta auna haƙuri ko gaskiya ko tausayi. Rajista tana nuna abin da mace ta sani ranar da aka rubuta sunanta, ba ta nuna yadda ta zama bayan shekara goma. Wadda ta san wannan ita ce shugabar da ta zauna da ita dare da rana. Ta kuma ji tsoron cewa tsauraran jarrabawa za su kori 'yan matan talakawa masu hannun jinya amma marasa zurfin karatu. Fenwick ba ta musanta muhimmancin hali ba. Abin da ta ƙi yarda da shi shi ne a bar lafiyar jama'a a hannun shaidar mutum ɗaya, wadda za ta iya yin son kai ko kuskure, wadda kuma hukumar asibiti ke biyanta. A taƙaice, Nightingale ta ɗora amana a wuyan shugaba, Fenwick ta nemi a ɗora ta a kan doka.

Sauran masu adawa ba duka ne hujjarsu ta kai wannan tsarki ba. Henry Burdett ya so rajista wadda masu gudanar da asibitoci za su riƙe. Sydney Holland, shugaban hukumar Asibitin Landan, da Eva Lückes, shugabar jinyarsa, sun tsaya kai da fata a kan horonsu na shekara biyu. Akwai batun kuɗi a ciki, domin ɗalibai su ne ma'aikata masu araha, kuma manyan asibitoci kan tura masu jinya gidajen masu hali su karɓi ladan. Likitocin karkara kuwa suna fargabar kada mai jinya mai takardar gwamnati ta raba su da majinyata.

Makaminta mafi kaifi shi ne jarida. Daga 1893 ta karɓi ragamar Nursing Record, wadda daga baya ta koma British Journal of Nursing, ta yi fiye da shekara hamsin tana shirya ta. Alƙalaminta ba ya sassauci, yakan kama suna, kuma ya jawo mata abokan gaba da yawa waɗanda da lallashi sun zama mataimaka. A tsakiyar shekarun 1890 likitoci suka mamaye ƙungiyar da ta kafa, aka ture ta gefe. Sai ta buɗe wasu ƙofofin: majalisar shugabannin jinya a 1894 tare da Isla Stewart, wadda ta gaje ta a St Bartholomew, da Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya a 1899, wadda ta zama shugabarta ta farko, da ƙungiyar neman rajistar gwamnati a 1902. Ta kuma ɗaure wannan fafutuka da ta neman ƙuri'ar mata, domin ta lura cewa majalisar da maza kaɗai ke zaɓa ba ta gaggawar sauraron sana'ar mata.

Ƙasar Niuzilan ta riga Birtaniya, ta yi dokarta a 1901. A 1905 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya goyi bayan rajista, a 1908 kuma ƙudurin ya tsallake Majalisar Dattawa, amma ya maƙale. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya lissafi. Dubban mata 'yan sa-kai masu gajeren horo sun cika asibitocin soja, ƙwararru suka ga cewa in yaƙi ya ƙare babu abin da zai bambanta su da waɗannan. A 1916 aka kafa Kwalejin Jinya ƙarƙashin Arthur Stanley da Sarah Swift, ita ma tana neman rajista, sai dai Fenwick ta ɗauke ta a matsayin 'yar amshin shatar hukumomin asibiti. A 1919 ɓangarorin biyu suka kai ƙudurori masu karo da juna, har sai da Ministan Lafiya, Christopher Addison, ya sa aka janye su ya kawo na gwamnati. Dokar ta tabbata a Disambar 1919.

Ba duk abin da ta nema ta samu ba. Dokar ta kare laƙabin mai rajista ne kawai, ba ta hana marar rajista yin jinya ba, kuma ƙa'idojin sabuwar Majalisar Jinya sai da amincewar minista. Da aka buɗe rajistar a 1921, sunanta ne na ɗaya. Amma zamanta a majalisar bai yi daɗi ba. Ta dage a bi takardun kowace mai nema da tsanani, aiki ya yi ta jan ƙafa, mafi yawan 'yan majalisar suka juya mata baya. Da aka yi zaɓen farko, masu jinyar da ta yi wa yaƙin rajista ba su mayar da ita kujerarta ba. Tsayuwar da ta yi mata amfani a gaban abokan hamayya ita ce ta hana ta zama da abokan aiki. A 1926 ta kafa wata kwalejin ta kishiya, wadda ba ta yi tasirin ta farko ba.

Ta rasu a ranar 13 ga Maris 1947, tana da shekara 90. A wannan shekarar ce gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta kafa Majalisar Jinya ta Nijeriya bisa tsarin Birtaniya, wadda aka haɗe da hukumar ungozoma a 1979.