Tarihin Alan MacDiarmid, masanin da ya sa roba ta ɗauki lantarki

An haifi Alan MacDiarmid ne a garin Masterton na ƙasar New Zealand, ranar 14 ga watan Afrilun 1927.

Ya taso cikin talauci, a zamanin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, mahaifinsa kuma ya rasa aiki. Tun yana yaro yake raba madara gida-gida da sassafe.

Yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta, ya kama aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Victoria da ke Wellington, yana kuma karatu a gefe.

Ya sami digirin dakta a Wisconsin ta Amurka a 1953, da wani a Kambirij ta Ingila a 1955. A shekarar ce ya fara koyarwa a Jami'ar Pennsylvania.

A wancan lokaci, abin da kowa ya sani shi ne roba ba ta ɗaukar lantarki, shi ya sa ake lulluɓe waya da ita.

To amma a 1975, yayin wata ziyara a Japan, Hideki Shirakawa ya nuna masa wata roba mai ƙyallin azurfa da ake kira polyacetylene.

MacDiarmid ya gayyace shi Amurka, suka haɗa kai da Alan Heeger. A 1977 suka bayyana cewa tururin aidin na ninka ƙarfin robar na ɗaukar lantarki sau miliyoyi.

Sai dai robar ba ta da ƙarko, domin iska da zafi na lalata ta.

Wannan ne ya sa MacDiarmid ya karkata ga polyaniline, wadda ta fi juriya. Ita ma tana da nata cikas: idan aka gauraya ta da robar yau da kullum a kan wuta, zafin kan kori sinadarin asid ɗin da ke ba ta ƙarfi. Daga baya masana suka samo asid da ba ya saurin tashi.

Ana amfani da irin waɗannan robobi wajen kare na'urori daga tartsatsin lantarki, da hana ƙarfe tsatsa.

A shekarar 2000 aka ba su uku lambar yabo ta Nobel a fannin sinadarai.

MacDiarmid ya rasu ranar 7 ga watan Fabrairun 2007, bayan ya faɗi a gidansa da ke kusa da Philadelphia, yana da shekaru 79.