Heinrich Barth, Bajamushen da ya hau Dutsen Dala

An haifi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, a birnin Hamburg na Jamus a shekarar 1821. A 1850 ya tashi daga Tarabulus cikin ayarin da gwamnatin Ingila ta tura domin binciken ƙasashen kudu da Sahara.

Tun kafin ya ƙetare hamada ya kusa rasa ransa. A watan Yulin wannan shekara, kusa da garin Ghat, ya ƙi jin gargaɗin Buzaye, ya hau dutsen Idinen shi kaɗai, dutsen da suke ɗauka mazaunin aljanu ne. Ya kai saman dutsen, amma wajen dawowa ya ɓata, ruwansa ya ƙare, har ƙishirwa ta sa ya tsotsi jininsa. Washegari wani Buzu ya tsince shi a galabaice.

A Fabrairun 1851 ya isa Kano, inda ya hau Dutsen Dala ya zana hoton birnin, ya kuma ƙiyasta mazaunansa sun kai dubu 30.

Barth ya rasu a Berlin a 1865. Har yau masana tarihin Kano da Sakkwato na dogaro da littafinsa mai juzu'i biyar.