Abubakar Imam: Marubucin da Ya Koya Daga Nesa

A Jos na tashi, kuma a kasuwa da makaranta na tsinci Hausa. Shi ya sa tarihin marigayi Alhaji Abubakar Imam ke ƙarfafa mini guiwa, domin shi ma bai taɓa shiga ajin koyon ƙaga labari ba.

An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Yana koyarwa a Midil ta Katsina a 1933 sai Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, ya aika Zariya, can aka duba shi aka buga. Halin Malam Zurƙe kuwa daga Muƙamatul Hariri ya aro shi, ya sa masa rigar Bahaushe.

Sai a 1936 ya zauna tare da East a Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya rasu a 1981. Allah ya jiƙansa.

'Yan'uwana ɗalibai, littattafai da gyaran da ke zuwa daga nesa su ma malamai ne.