Ɗan Marini Da Ya Gano Asalin Hunhuna: Pier Antonio Micheli (1679–1737)

A filinmu na tarihin mashahuran mutane na wannan makon, mun leƙa ƙasar Italiya mun ɗauko muku labarin wani masanin tsirrai da ya rasu kusan shekara 300 da suka wuce, amma aikinsa ya shafi gyadar da ke cikin rumbunanmu.

An haifi Pier Antonio Micheli, wanda ake furta sunansa Mikeli, a birnin Fulorens ranar 11 ga Disamba, 1679. Mahaifinsa marini ne, ba shi da halin kai ɗansa karatu mai zurfi, don haka tun Mikeli yana yaro aka kai shi koyon sana'a wurin wani mai sayar da littattafai. A wannan shago ya ci karo da littattafan tsirrai, ya shiga karanta su. Da ya ga ilimin zamanin duk da Latin ake rubuta shi, sai ya dage ya koya wa kansa harshen. In ya samu sarari sai ya nufi daji da duwatsu yana tattara ganyaye. A 1706 sarkin yankin, Cosimo na Uku, ya naɗa shi masanin tsirrai na fada. A 1716 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masana tsirrai ta Fulorens.

A wancan zamani har manyan masana sun ɗauka cewa hunhuna da laimar kwaɗi ba su da iri, ruɓa da laima ne kawai ke haifar da su. Mikeli bai gamsu ba. Ya sa su a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, sai ya ga suna ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyi kamar ƙura. Ya yi zargin cewa su ne irin, ya kuma shirya gwaji. Ya yanka 'ya'yan itace, musamman shammam, ɗan'uwan kankana, ya barbaɗa ƙurar wani nau'in hunhuna a kan yankan. Bayan 'yan kwanaki nau'in da ya barbaɗa shi ne ya tsiro. Ya sake da wani nau'in, shi ma irinsa ya fito. Ashe hunhuna ma shuka ce: abin da aka shuka shi ke tsirowa, sai dai iska ce manominta.

A 1729 ya fitar da babban littafinsa mai suna Nova Plantarum Genera, wato sababbin jinsunan tsirrai. Ya bayyana tsirrai kusan 1,900 a ciki, kimanin 900 daga cikinsu dangin hunhuna da laimar kwaɗi ne da makamantansu. Saboda rashin kuɗi, masu hali ne suka ɗauki nauyin zane-zanen littafin, kashi na biyu kuwa bai samu fitowa ba har ya rasu.

A wannan littafi ne ya raɗa wa wasu jinsunan hunhuna sunayen da likitoci da malaman gona ke amfani da su har gobe. Akwai Botrytis, hunhuna mai ruwan toka da ke ruɓar da inabi da tumatir. Akwai kuma Aspergillus, wadda ya ga kanta ya yi kama da abin da limaman coci ke yayyafa ruwa da shi, sai ya ba ta sunan abin.

Mikeli bai san irin ɓarnar da wannan jinsi ke yi wa mutum ba, na bayansa ne suka gano. Wani nau'insa, Aspergillus fumigatus, yana rayuwa a takin gargajiya da ruɓaɓɓen ganye. Kullum muna shaƙar ƙwayoyinsa, jikin mai lafiya yana kawar da su, amma ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ko wanda tarin fuka ya bar masa rami a huhu, sai su kama su tsiro a ciki. Wani nau'in kuma, Aspergillus flavus, yana kama gyada da masara tun a gona ko a rumbu mai laima, ya zuba musu gubar da ake kira afulatoksin. An gano gubar ce bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyada. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa yana jawo sankarar hanta, kuma dafuwa ko suya ba sa kawar da ita gaba ɗaya.

A 1736 Mikeli ya tafi neman tsirrai a duwatsun arewacin Italiya, ya dawo da ciwon ƙirji, ya rasu a farkon Janairun 1737 yana da shekara 57. An daɗe ba a ba gwajinsa muhimmanci ba, amma yau ana lissafa shi cikin waɗanda suka aza harsashin ilimin hunhuna. Ɗalibinsa, Targioni Tozzetti, ya ɗora daga inda ya tsaya, har a 1767 ya yi rubutu a kan cutar tsatsar alkama.

'Yan'uwa ɗalibai, tunda hunhuna iri gare ta, kuma laima take jira ta tsiro, to ana iya tare ta. Idan mun je gida lokacin kaka, mu taimaka a shanya gyada da masara a kan tabarma ko tamfol har su bushe sarai, a ɗora buhuna a kan katako maimakon ƙasa, a tsince waɗanda suka canza launi ko suka motse. Kada a yi ƙuli-ƙuli da su, kada kuma a zuba wa kaji. Masu son ganin abin da Mikeli ya gani, su nemi malamin kimiyya ya nuna musu hunhunar burodi a madubin ɗakin gwaji.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.