Tarihin Celia Cruz, sarauniyar kiɗan salsa da ta rasu ba ta sake ganin garinsu ba

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu leƙa tsibirin Kyuba, inda aka haifi Celia Cruz ranar 21 ga watan Oktoba na shekarar 1925, a birnin Havana. Baƙar fata ce, ƴar talakawa. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma burinsa shi ne ta zama malamar makaranta. Ita kuwa waƙa ta sa gaba, tana shiga gasar mawaƙa a gidajen rediyo, har a 1950 babbar ƙungiyar makaɗa ta Sonora Matancera ta ɗauke ta. Shekara 15 suka yi tare.

Bayan Fidel Castro ya karɓi mulki, ƙungiyar ta tafi wasa ƙasar Meziko a 1960, Celia ba ta koma gida ba. Daga baya ta zauna Amurka. A 1962 mahaifiyarta ta rasu, ta nemi izinin zuwa jana'iza, hukumomin Kyuba suka hana. Duk wanda rasuwar iyaye ta taɓa iske shi a ƙasar waje ya san nauyin wannan abu. A shekarar ne kuma ta auri Pedro Knight, mai busa ƙaho a ƙungiyarsu, wanda suka zauna tare har ƙarshen ranta.

A Amurka ta zama babbar muryar salsa, kiɗan rawa mai ganguna da ƙahoni wanda tushensa ke komawa ga bayin da aka kwasa daga Afirka. A 1974 ta zo Kinshasa tare da makaɗan Fania, ta yi waƙa a bikin da aka shirya albarkacin damben Muhammad Ali da George Foreman.

Abin da ya fi ba mutane mamaki ya zo ne da tsufanta. A 2001, shekarunta sun haura 70, ta fitar da faifai mai suna La Negra Tiene Tumbao, wato baƙar mace mai salo da taku. Sa'o'inta da dama sun riga sun ajiye waƙa, wasu kuma suna ta maimaita tsofaffin waƙoƙinsu. Ita sai ta haɗa kai da Sergio George, mai tsara kiɗa wanda a haife ta haife shi, suka gauraya salsa da kiɗan samari, har da rap a cikin waƙar da faifan ya ci sunanta. Kasada ce babba, don tsofaffin masoya na iya juya mata baya, matasa kuma su yi mata dariya.

Ba haka ta kasance ba. Waƙar ta shiga gidajen rawa da tashoshin rediyo, yaran da ba a haifa ba lokacin da ta bar Havana suka riƙa taka rawa da ita. A 2002 faifan ya ci kyautar Latin Grammy ta faifan salsa mafi kyau, a 2003 kuma ya ƙara da kyautar Grammy. Sai dai a Kyuba, rediyon gwamnati ya daɗe ba ya sa waƙoƙinta, ƴan ƙasarta a kaset da faifan da ke yawo hannu da hannu suke jin ta.

A ƙarshen 2002 aka yi mata aiki saboda ciwon daji a ƙwaƙwalwa. Duk da haka ta koma ɗakin ɗaukar waƙa ta kammala wani faifan, Regalo del Alma. Bai fito ba sai bayan rasuwarta, shi ma ya ci Grammy. Ta rasu ranar 16 ga watan Yuli 2003 a jihar New Jersey, tana da shekara 77. Dubban mutane ne suka yi layi a Miami da Niyok don yi mata ban kwana.

Sau ɗaya tak ta sake taka tsibirin, a 1990, a sansanin sojan Amurka na Guantanamo. Ta ɗebi ƴar ƙasa a can ta adana, kuma da ita aka binne ta a Niyok. A 2024 Amurka ta buga hotonta a jikin kwabbanta.